Yadda Ake Gina Naman Bayan Cinya: Jagora Ga Sabon Mai Ɗaga Ƙarfe a Kumasi

Duk yammacin Litinin, in ka leƙa wuraren ɗaga ƙarfe na Aboabo ko Asawase, layi za ka tarar a kan bencin ƙirji. Kowa ƙirji da damtse yake nema, domin su madubi ke nuna masa, su ne kuma riga ke fitarwa. Ranar ƙafa kuwa rabin jama'a ba sa zuwa, waɗanda suka zo ma tsuguno suke yi da ƙarfe a kafaɗa su tafi gida, a ganinsu an gama da ƙafa. Naman bayan cinya, wanda ake kira hamstirin, shi ne marayan jikin yawancinmu. Na daɗe ina ɗaga ƙarfe a zangon nan ina kuma koya wa ƙannena, kuma abin da ke ci mini rai shi ne in ga yaro mai himma, gabansa a cike, amma da zarar ya juya gefe sai ka ga bayan cinyarsa a shafe kamar allo.

A gasar gina jiki irin Man Ghana alƙalai juya mutum suke yi ta kowace fuska. Tsayuwar gefe da tsayuwar baya duk suna tona asirin wanda ya yi wa bayan cinya rowa. Nemo hotunan William Bonac, haifaffen Gana mazaunin Holan, wanda ya ci gasar Arnold Classic a 2018 da 2020, ka dube shi ta gefe. Wannan tudun da ya sauko daga ƙarƙashin mazaunai zuwa bayan gwiwa, shi muke nema, ɗan'uwa, kuma ga hanyarsa.

Kayan aiki

Sandar ƙarfe da fayafayan nauyi. Sandar gasa kilo 20 ce, amma yawancinmu abin da muke da shi ƙarfen mota ne da aka yanko daga Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, da fayafayan birki ko siminti da aka zuba a gwangwani. Duk suna aiki. Sharaɗi ɗaya ne: ka san nauyinsu. Kai su wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa a ɗora maka a sikeli, ka rubuta lambar a jikin kowanne da fenti. Na sha ganin sanda da gefen dama ya fi na hagu da kilo 2 ko 3, mai ita bai sani ba sai da kwankwaso ya gaya masa.

Dambel biyu, wato gajerun ƙarafan da ake ɗagawa da hannu ɗaya, masu nauyi ɗaya. In babu, jarkar nan mai ruwan ɗorawa da muke kira galan Kufuor ta wadatar. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, don haka kana iya ƙara nauyi ko ragewa da kofi.

Sai benci, da guntun katifa ko soso mai kauri don gwiwa, da tsohon tawul, da tsohon tib na taya da aka yanka ya zama igiyar roba, da sandar tsintsiya doguwa. Takalmi ya zama mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, ko ka yi da tafin ƙafarka in wurin babu tsakuwa. Silifas da takalmin gudu mai laushi suna sa ƙafa rawa a ƙarƙashin nauyi. Ka riƙe littafi da biro, ka kuma samu abokin horo guda ɗaya mai natsuwa.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa ƙarfe

Tsoka uku ce a bayan cinya. Biyu suna ɓangaren ciki, ɗaya tana ɓangaren waje, ita ce baisef femoris mai kai biyu. Sun faro daga ƙashin da kake zama a kansa, suka sauko suka tsallake bayan gwiwa suka kama ƙashin ƙwauri. Tunda gaɓa biyu suka ratsa, aikinsu ma biyu ne: suna miƙar da ƙugu in ka taso daga sunkuyo, suna kuma lanƙwasa gwiwa in ka jawo dunduniya zuwa mazaunai. Ƙaramin kan baisef femoris kuwa daga ƙashin cinya ya faro, gwiwa kawai ya tsallake, don haka ba ya samun rabonsa sai an naɗe ƙafa.

A nan ne ake gane dalilin da ya sa tsuguno ba ya gina bayan cinya. In ka tsuguna, ƙugu yana jan tsokar daga sama, gwiwa kuma tana sassauta ta daga ƙasa, tsawonta bai canza sosai ba. Gaban cinya da mazaunai ne ke shan aikin. Saboda haka kowane mako kana bukatar motsi iri biyu, na sunkuyo da na naɗe ƙafa. Wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya rabin aiki ya yi.

Mataki na 1: Dumama jiki

Minti 5 zuwa 8 na tafiya da sauri, tsallen igiya ko keke, har gumi ya ɗan tsatso. Sai ka dafa bango ka riƙa wurga ƙafa gaba da baya sau 10 kowace ƙafa, kana ƙara nisa a hankali. Lokacin hunturu, da asuba, ƙara minti biyar a kai. Kada ka zauna kana jan tsoka mai sanyi da ƙarfi kafin ɗaga nauyi. Bar wannan sai bayan an tashi.

Mataki na 2: Koyon sunkuyo da sandar tsintsiya

Kada ka tsallake wannan ko da ka ga kamar wasan yara ne. Ɗora sandar a bayanka a tsaye, hannu ɗaya ya riƙe ta a wajen wuya, ɗayan a wajen kwankwaso. Wuri uku za ta taɓa: ƙeya, tsakanin kafaɗu, da ƙarshen ƙashin baya. Tsaya ka ba bango baya, tazarar tafin ƙafa ɗaya. Ɗan sassauta gwiwa, sannan ka tura mazaunai baya har su taɓa bangon, ƙirji yana sauka da kansa. In sandar ta rabu da ɗaya daga wuraren nan uku, bayanka ya lanƙwashe, koma ka sake.

Mu da muke salla muna da sauƙin gane wannan. Tun muna makarantar allo ake gaya mana cewa a ruku'u gadon baya a miƙe yake, kai bai ɗaga ba bai kuma rataya ba. Irin wannan miƙewar bayan ake so, sai dai a nan ƙugu yana tafiya baya sosai, gwiwa kuma a ɗan sake. In ka taɓa bangon sau 10 lafiya, matsa gaba kaɗan ka sake. Ka yi kwana uku ko huɗu a kan wannan kafin ka ɗauki ƙarfe.

Mataki na 3: Sunkuyon Romaniya

Wannan shi ne uban tafiyar, wanda a wurin horo za ka ji ana ce masa RDL. Sunan ya samo asali ne daga Nicu Vlad, ɗan Romaniya da ya ci zinariyar ɗaga nauyi a gasar Olamfik ta 1984, wanda Amurkawa suka gan shi yana wannan motsi suka laƙaba masa sunan ƙasarsa.

Fara daga tsaye, sanda a hannu tana jingine da cinyoyinka. Ƙafafu su buɗe daidai faɗin ƙugu, hannaye kuma a wajen cinya kaɗan. Ja numfashi ka cika ciki, ka ɗaure shi kamar wanda ke jiran naushi. Matse hammata kamar ka saƙale jarida a ciki, wannan ne zai hana sandar tserewa gaba. Ɗan sassauta gwiwa, ka bar ta a haka har ka gama.

Yanzu tura ƙugu baya. Sandar ta riƙa gogar cinya tana sauka, ta wuce gwiwa tana shafar ƙwauri. Ƙirga daƙiƙa uku a saukar. Za ka ji bayan cinya yana miƙewa kamar igiyar guga da aka cika da ruwa. Inda ƙugu ya daina tafiya baya, nan ne iyakarka. Ga yawancin mutane ƙasa da gwiwa kaɗan ne, wasu kuma har tsakiyar ƙwauri. Abin da ya wuce nan ba cinya ce ke sauke ka ba, ƙashin baya ne ya fara lanƙwasa. Tsaya daƙiƙa ɗaya, danna ƙasa da dukan tafin ƙafa, ka turo ƙugu gaba har ka miƙe. Kada ka gantsare a sama, tsayuwa cak ta isa. Saki numfashi, ja wani, ka koma.

Sabon shiga ya fara da sanda kaɗai ko kilo 20 zuwa 30, zagaye 3, kowane zagaye sau 8 zuwa 10, da hutun minti 2 zuwa 3 a tsakani.

Kurakurai huɗu nake gyarawa kusan kullum. Na farko, neman taɓa ƙasa da fayafayan. Babu wanda ya ce sai sun taɓa. Na biyu, barin sanda ta yi nesa da ƙafa, wanda ke jibga nauyin duka a kan kwankwaso. Na uku, lanƙwasa gwiwa da yawa har abin ya koma tsuguno. Na huɗu, ɗaga kai ana kallon madubi. Zuba ido a ƙasa, kamar taku biyu a gabanka, ka sa abokinka ya tsaya ta gefe ya duba maka bayan, ko ya ɗauke ka da waya ka gani da idonka.

Ga gwajin da ba ya ƙarya: washegari ina ne ke maka tsami? In bayan cinya da mazaunai ne, ka yi daidai. In kwankwaso ne kaɗai, rage nauyi ka koma wurin sandar tsintsiya, babu abin kunya a ciki.

In hannunka yana gajiya kafin cinya, ɗaure sandar da maɗaurin hannu ko tsinken tsohon bel ɗin mota. In babu sanda, riƙe dambel ko jarka biyu a gaban cinya. In nauyin da ke gidan ya yi maka kaɗan, yi da ƙafa ɗaya: dafa bango da hannu ɗaya, jarka a ɗayan, ƙafar baya tana ɗagawa yayin da kake sunkuyawa. Kilo 20 a kan ƙafa ɗaya aiki ne na gaske.

Mataki na 4: Naɗe ƙafa

In wurin horonku yana da injin naɗe ƙafa, duba wane iri ne, na zaune ko na kwanciya rub da ciki. In duka biyun suna nan, fifita na zaune. A wani bincike da masana a Japan suka wallafa a 2021, mutane sun yi mako 12 suna horar da ƙafa ɗaya a injin zaune, ɗayar a na kwance. Naman ƙafar da aka horar a zaune ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin ɗari, ɗayar kuma kusan kashi 9. Dalilin a fili yake: in kana zaune ƙugu a lanƙwashe yake, tsokar tana aiki ne a miƙe, kuma tsoka ta fi girma in ta sha nauyi a miƙe.

Daidaita injin yadda gwiwarka za ta yi saiti da inda ƙarfen ke juyawa, matashin ƙasa kuma ya zauna sama da dunduniya kaɗan. Danne cinya da matashin sama sosai. Jawo dunduniya ƙasa da baya har iyaka, riƙe daƙiƙa ɗaya, ka mayar a hankali cikin daƙiƙa uku har ƙafa ta kusa miƙewa. Zagaye 3, sau 10 zuwa 15. A injin kwance, kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga mazaunai sama don a taimaki nauyin. Manna ƙugu da bencin. In ya ƙi mannuwa, nauyin ya fi ƙarfinka.

Galibin wurarenmu na cikin unguwa ba su da injin, to ga mafita uku. Kwanta rub da ciki a benci, gwiwa a bakinsa, abokinka ya saƙala maka dambel tsakanin tafin ƙafafunka, ka naɗe ka saki. Fara da kilo 5, domin in ya suɓuce a kanka zai faɗo. Ko ka ɗaure tib ɗin taya a jikin ginshiƙi, ka zauna a bakin benci kana fuskantarsa, ka zura dunduniya ka jawo. Wadda na fi so kuma ita ce ta tawul: kwanta rigingine a kan tayil ko siminti mai santsi, dunduniya a kan tawul, ɗaga ƙugu sama, ka zame ƙafafu su miƙe a hankali, sannan ka jawo su ba tare da ƙugu ya faɗi ba. Ranar farko sau 6 ma sai ka ji tsokar na neman ɗaurewa. In ta ɗaure, miƙe ƙafar ka huta, ka sha ruwa. Bayan wata ɗaya ko biyu sai ka gwada da ƙafa ɗaya.

Mataki na 5: Faɗuwar Nodik

Durƙusa a kan soso, abokinka ya danne maka idon sawu da dukan nauyinsa. Jiki a miƙe daga gwiwa har kai, hannaye a gaban ƙirji. Riƙa faɗuwa gaba a hankali, bayan cinya yana riƙe ka kamar birki, har inda ya kasa, sai ka tare ƙasa da tafin hannu, ka turo kanka ka dawo. Saukar ce aikin, dawowar ba ta da muhimmanci a farko. In babu aboki, saƙala ƙafa a ƙarƙashin sanda mai nauyi da aka tokare, ka naɗa mata tawul.

Wannan motsi yana cikin tsarin dumama jiki na 'yan ƙwallo mai suna FIFA 11+, kuma nazarin da ya tattara bincike da dama a 2019 ya nuna cewa ƙungiyoyin da ke yin sa sun rage raunin bayan cinya da kusan rabi. Ga mu da ba ma rabuwa da ƙwallon yammacin Lahadi, wannan babbar riba ce. Amma ka kiyaye, tsaminsa ba kaɗan ba ne. Makon farko zagaye 2, sau 3 zuwa 5, ka tsaya a nan ko da kana jin sauran ƙarfi.

Mataki na 6: Tsarin mako da ƙarin nauyi

Sau biyu a mako, da tazarar aƙalla kwana biyu. Misali Talata: sunkuyon Romaniya zagaye 3, naɗe ƙafa zagaye 2. Asabar: naɗe ƙafa zagaye 3, Nodik zagaye 2. Zagaye 10 ke nan a mako, ya ishi mai farawa har wata shida. In kana haɗawa da tsuguno a rana ɗaya, gwada fara naɗe ƙafa kafin tsugunon. Gwiwa takan yi ɗumi, kuma bayan cinya ya samu rabonsa kafin gajiya ta cinye ka.

Kowane zagaye ka tsaya saura sau 1 ko 2 ka kasa. A naɗe ƙafa kana iya kaiwa ƙarshe, amma a sunkuyon Romaniya kada ka kuskura, domin baya ne ke fara sallamawa. Ranar da ka cika sau 10 a dukan zagaye uku da kyakkyawan tsari, ƙara kilo 2 zuwa 5 a mako mai zuwa. Rubuta komai a littafi. Ƙwaƙwalwa takan yi wa mutum ƙari.

Mataki na 7: Abinci da barci

Mai gina jiki yana bukatar furotin kusan giram 1.6 zuwa 2.2 ga kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 70 yana neman giram 112 zuwa sama. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, don haka koko da ƙosai kaɗai ba za su kai ka ba. Ƙara ƙwai uku da safe, wake da shinkafa da kifi da rana, tuwon zafi da nama ko wagashi da dare, fura da nono a tsakani. Barci awa 7 zuwa 9. Da azumi, mayar da horon bayan buɗa-baki ko bayan tarawihi, ka rage zagaye ka bar nauyin yadda yake.

Ina roƙonka don Allah, ƙanena, kada ka sha tiramadol ko wata ƙwaya don ka jure nauyi, kada kuma ka karɓi allurar da wani ya ce tana kumbura nama. Ciwo saƙo ne daga jiki, ƙwayar kuma toshe maka kunne take yi har tsokar ta tsage ba ka ji ba.

Mataki na 8: In wani abu ya faru

Tsami na kwana biyu ko uku bayan horo ba matsala ba ne. Rauni daban yake. Ni ya same ni wata Lahadi, kwana ɗaya bayan na yi sunkuyo mai nauyi, na shiga ƙwallo ban dumama jiki ba. Na zabura zan bi ƙwallo sai na ji kamar an jefe ni da dutse a bayan cinyar dama, har na waiga ina neman mai jifan. Bayan kwana biyu wurin ya yi baƙi ya sauko har bayan gwiwa. Na bari aka murza mini shi da man zafi a daren farko, abin ya ƙara kumbura, kuma sai da na yi kusan wata biyu kafin na koma ƙarfe.

In ka ji irin wannan, tsaya nan take. Naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, sau da dama a rana, ka ɗaure da bandeji, ka ɗaga ƙafar in ka kwanta. Kwana biyu zuwa uku na farko babu murza, babu ruwan zafi, babu ja. In ka ji ƙara lokacin da abin ya faru, ko ka kasa taka ƙafar, ko zama a kan ƙashin mazaunai ya gagara, ko ƙafar tana dindiris, tafi asibiti a ranar. Asibitin Komfo Anokye yana da sashen ƙashi da na gashin jiki, kuma jijiyar da ta ɓalle daga ƙashi wani lokaci sai an yi aiki, jinkiri kuwa yana wahalar da gyaran. In ƙaramin rauni ne, dawo da tafiya tukuna, sai naɗe ƙafa da tawul, sai sunkuyo da sanda kaɗai. Gudu shi ne na ƙarshe.

Kafin ka fara makon farko, ari awon tela ka auna cinyarka a tsakiya, da safe kafin ka ci komai, ka sa abokinka ya ɗauke ka hoto ta gefe da ta baya. Rubuta kwanan wata a shafin farko na littafinka, ka sake awon a daidai wurin bayan mako 12.